Tambayoyin 'Yan Ajin Baftisma a kan Bangaskiya, Alheri, Addu'a da Zaman Yau da Kullum

Na daɗe ina koyar da ajin baftisma a wata ikkilisiya da ake sujada da Hausa a kudancin Kaduna. Ranar Asabar da yamma muke zama, bayan mutane sun dawo daga gona da kasuwa. Fuskoki suna canzawa kowace shekara, amma tambayoyin kusan ɗaya ne. Waɗanda aka fi yi mini su ne na tara a nan, da amsoshin da nake bayarwa. Ni ba fasto ba ne, dattijo ne kawai, saboda haka duk ayar da na ambata ku buɗe Littafi Mai Tsarki ku duba da idonku.

Baba, mece ce bangaskiya? Yarda ce kawai cewa akwai Allah?

Kalmar da kanta ta ba mu rabin amsa. Bangaskiya daga "ba da gaskiya" ta fito, wato ka ce wa wani: maganarka gaskiya ce, na dogara a kanta. Yarda cewa akwai Allah ba ta kai nan ba. Yakubu 2:19 ya ce aljanu ma sun yarda Allah ɗaya ne, har suna rawar jiki don tsoro, amma ba wanda ya taɓa kiransu masu bi.

Da damina akwai wani rafi da ke yanke hanyar ƙauyenmu, sai an hau kwalekwale. Mutum yana iya tsayawa a bakin ruwa ya yaba kwalekwalen, ya ce katakonsa mai kyau ne, matuƙin kuma gwani ne. Duk wannan sani ne. Ranar da ya tattare rigarsa ya shiga ya zauna, ranar ce ya ba da gaskiya. Haka abin yake da Yesu Almasihu: ka ɗora nauyin zunubinka da ranka da gobenka a kan abin da ya yi a gicciye, ka daina riƙe da wani reshe a gefe don ko-ta-kwana.

Ibraniyawa 11:1 ta kira bangaskiya tabbacin abin da muke sa zuciya a kai, da tabbatawar abin da ido bai gani ba. Ibrahim yana da shekara 75 ya bar Haran a kan alkawari, Ishaku bai zo ba sai da ya kai 100. Shekara 25 yana jira, kuma a tsakani ya yi tuntuɓe, ya ɗauki Hajara don ya taya Allah cika alkawari. Duk da haka shi ake kira uban masu bangaskiya.

To idan ina shakka fa? Na fita daga cikin masu bi ke nan?

A'a. Yahaya Mai Baftisma, wanda ya nuna Yesu da hannunsa a bakin Urdun, shi ne ya aiko daga kurkuku yana tambaya ko shi ne mai zuwan ko a jira wani (Matiyu 11). Yesu bai tsine masa ba, ya aika masa da shaidar abin da ake gani, sannan ya yabe shi a gaban taro. Mahaifin yaron nan mai farfaɗiya a Markus 9:24 ya haɗa biyun a numfashi ɗaya: na ba da gaskiya, ka taimaki rashin bangaskiyata. Kuma an warkar da ɗansa.

Abin da nake jin tsoro shi ne shakkar da aka ɓoye. Ku kawo ta fili, ku tambayi wanda ya girme ku cikin bi. Ciwon da aka rufe da zane shi yake ruɓa.

Kullum ana cewa "ta wurin alheri aka cece mu". Mene ne alherin nan?

A nan nake daɗewa, domin Hausa tana taimaka mana kuma tana iya ruɗe mu. Mukan ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Mukan ce alheri gadon barci ne. A cikin waɗannan karin magana akwai sa ran sakayya: yi wa mutane kirki, wata rana zai dawo maka. Tsakanin mutum da mutum wannan hikima ce mai kyau. Amma alherin Allah ba biki ba ne da za a ce ka yi mini na yi maka. Kyauta ce ga wanda bai cancanta ba, wanda ba shi da abin mayarwa, wanda ma hukunci ne ya dace da shi. Romawa 5:8 ta ce tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu. Afisawa 2:8-9 ta ce ceton nan baiwar Allah ce, ba ta wurin ayyuka ba, don kada kowa ya yi fahariya.

Misalin da ya fi tayar da gardama a ajinmu shi ne na Matiyu 20, domin kusan kowa a cikinmu ya taɓa yin ƙwadago a gonar wani. Mai gona ya ɗauki ma'aikata da sassafe a kan dinari ɗaya, ya ƙara wasu da hantsi, wasu da tsakar rana, wasu kuma saura sa'a ɗaya a tashi. Da yamma ya biya kowa dinari ɗaya. Wata shekara wani saurayi, hannunsa duk kanta saboda fartanya, ya tashi tsaye ya ce, "Baba, gaskiya wannan ba adalci ba ne. Ni da na sha rana tun safe a ba ni daidai da wanda ya zo da la'asar sakaliya?" Na ce masa, "Ɗana, wa ya gaya maka kai na safe ne?" Ajin ya yi shiru, sannan aka fashe da dariya. Duk wanda ya karanta misalin nan ya ji haushi, ya sa kansa a layin da ba nasa ba. Dukanmu 'yan la'asar ne. Ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu bai samu damar yin baftisma ko ba da baiko ko gyara abin da ya ɓata ba, amma shi aka ce wa yau za ka kasance tare da ni a Firdausi.

Wannan muhawara ba yau ta fara ba. Agustin, bishop na Hippo, garin da yanzu ake kira Annaba a Aljeriya, ya ƙare shekarunsa na ƙarshe kafin rasuwarsa a 430 yana jayayya da koyarwar Pelagiyus, wanda yake ganin mutum yana da ikon yin biyayya ga Allah da ƙoƙarin kansa. Agustin ya tsaya a kan cewa ko son yin nagarta ma Allah ne yake fara sa shi a zuciya. Ɗan Afirka ne ya riƙe wannan tuta, fiye da shekara dubu kafin Martin Luther ya tayar da maganar a Jamus a 1517.

Idan alheri ne, ashe zan iya yin abin da na ga dama, in dawo in roƙi gafara?

An riga ku yin wannan tambaya. Bulus ya kawo ta a Romawa 6:1, ya amsa da a'a mai ƙarfi: mu da muka mutu ga zunubi, yaya za mu ci gaba da zama a cikinsa? Titus 2:11-12 ta ce alherin da ya kawo ceto shi ne kuma yake koya mana mu ƙi rashin tsoron Allah da sha'awace-sha'awacen duniya. Wanda aka tsamo daga rijiya ba ya cewa tun da akwai igiya bari in sake faɗawa. In ka ji zuciyarka tana wannan lissafi, ka tsaya ka binciki kanka ko ka taɓa gane abin da aka biya dominka.

Bulus ya ce ba da ayyuka ba, Yakubu ya ce bangaskiya ba tare da ayyuka ba matacciya ce. Wa za mu bi?

Dukansu, domin ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Bulus yana magana a kan saiwa, Yakubu a kan 'ya'ya. Mangwaro ba ya zama mangwaro don ya yi 'ya'ya, yana 'ya'ya ne don shi mangwaro ne. Amma itacen da ya shekara goma ba fure ba ɗa, mai gona yana da dalilin tambaya. Bulus ɗin ma, bayan ya ce ba ta wurin ayyuka ba, a aya ta gaba (Afisawa 2:10) ya ce an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka.

Wannan batu ya raba Katolika da Furotesta ɗaruruwan shekaru, kuma har yanzu akwai bambanci a yadda kowa yake bayani. Amma a 1999, a birnin Augsburg na Jamus, wakilan cocin Katolika da na tarayyar Lutheran ta duniya sun sa hannu a kan takarda ɗaya da ta ce ta wurin alheri kaɗai, cikin bangaskiya ga aikin Almasihu, Allah yake karɓar mu. Ina faɗin wannan ne don matasanmu su rage saurin yanke wa maƙwabcinsu na wata ɗarika hukunci.

Maƙwabtanmu Musulmi suna da lokutan salla biyar. Mu sau nawa ya kamata mu yi addu'a, kuma yaya za mu tsaya?

Sabon Alkawari bai ƙayyade adadi ko alƙibla ko yanayin jiki ba. Yesu ya gaya wa matar nan Basamariya cewa ba wannan dutse ko Urushalima ne abin dubawa ba, sai sujada cikin ruhu da gaskiya (Yohanna 4). A Littafi Mai Tsarki za ku ga masu addu'a a durƙushe, a tsaye, da fuska a ƙasa. Hannatu leɓunanta kawai suke motsi, har Eli ya ɗauka ta bugu. Nehemiya ya yi addu'a a tsakanin tambayar sarki da amsarsa, yana bakin aiki.

Amma zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mana daɗi ba. Wasunmu sun mai da wannan 'yanci hujjar lalaci. Maƙwabcina yana tashi da asuba cikin sanyin hunturu ya taɓa ruwa, ni kuma ina cewa "ai ko'ina ana addu'a" ina ƙara jan bargo. Daniyel yana durƙusawa sau uku a rana, kuma bai fasa ba ko da aka sa dokar da za ta kai shi ramin zakoki. Zabura 55:17 ta ambaci maraice da safe da tsakar rana. Ku yanka wa kanku lokaci ku riƙe shi. Wanda ba shi da lokacin addu'a da wuya ya kai ga "yin addu'a ba fasawa" da 1 Tasalonikawa 5:17 take faɗa.

Mama ta ce in yi addu'a a taron iyali, sai bakina ya mutu. Ban iya ba.

Almajiran ma ba su iya ba, shi ya sa suka ce Ubangiji ka koya mana (Luka 11:1). Ki ɗauki Addu'ar Ubangiji a Matiyu 6 ki bi ta gaɓa-gaɓa da kalmominki: ki girmama sunansa, ki roƙi nufinsa, ki faɗi bukatar yau da sunanta, ko kuɗin makaranta ne ko ciwon ƙaninki, ki nemi gafara, ki nemi tsari. Jimla biyar sun isa. Addu'ar mai karɓar haraji a Luka 18 jimla ɗaya ce, shi ne kuma ya koma gida a karɓe, ba Bafarisiyen da ya jero ayyukansa ba. Kuma ki yi da harshen da kike mafarki da shi, ko Hausa ko Jju ko Tyap. Turancin da ake ƙaƙalowa ba ya ƙara wa addu'a nauyi.

Na yi addu'a, na yi azumi, amma abin da na roƙa bai zo ba. Bangaskiyata ce ta kasa?

Wannan ce tambayar da take zuwa da hawaye, kuma ita ce aka fi yi wa mutane mugun bayani a kanta. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherina ya ishe ka (2 Korintiyawa 12). Yesu da kansa a Getsamani ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon, ya ƙare da cewa ba nufina ba sai naka. Wa zai ce bangaskiyar waɗannan biyu ce ta kasa?

A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da nufin kawo bishara cikin ƙasar nan. Kafin ƙarshen 1894 biyu sun mutu da zazzaɓi, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ya koma gida. Ya sake gwadawa, ciwo ya sake mai da shi. Sai a 1902 aka kafa tashar mishan a Patigi. Daga wannan aiki ne ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954. Gowans da Kent ba su dawo wurin iyayensu da rai ba. Ba na kawo wannan don in ce kowane rashi yana da bayanin da za mu gani da idonmu. Wasu ba za mu gani ba a wannan duniya.

Ni kaina na binne ɗiya 'yar shekara huɗu bayan kwana tara muna addu'a a gefen gadon asibiti. Wani ɗan'uwa ya zo gaisuwa ya ce da mun ƙara bangaskiya da ba ta tafi ba. Na yi shekara ban iya buɗe baki a taron addu'a ba. Abin da ya riƙe ni Zabura ce, musamman ta 13 mai cewa "har yaushe" da ta 88 wadda ta ƙare cikin duhu ba tare da ta'aziyya ba. Allahn da ya bar irin waɗannan addu'o'i a cikin littafinsa ba ya tsoron kukanmu. Romawa 8:26 kuma ta ce in mun rasa abin faɗa Ruhu yana roƙo dominmu da nishe-nishen da ba su faɗuwa. In kun je gidan makoki, don Allah ku zauna, ku ɗebo ruwa, ku share tsakar gida, ku bar bayani.

An ce in na "shuka iri" na kuɗi a wurin wani bawan Allah, addu'ata za ta fi saurin karɓuwa.

Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya ce masa kuɗinka su hallaka tare da kai (Ayyukan Manzanni 8). Elisha ya ƙi karɓar ko ƙwandala daga Na'aman bayan ya warke, Gehazi da ya bi shi a ɓoye ya karɓa, kuturta ya kwaso. Bayarwa aba ce mai kyau: zakka da baiko su ne suke riƙe ikkilisiya da gwauraye da marayu, kuma Allah yana ƙaunar mai bayarwa da daɗin rai. Amma ranar da aka sa wa addu'a farashi an bar alheri an koma ciniki. Na san wata gwauruwa da ta sayar da akuyarta ɗaya tilo don ta sayi kwalbar mai. 'Yan Zumuntar Mata ne suka yi karo-karo suka mayar mata da wata akuyar.

Shan magani rashin bangaskiya ne?

Ko kaɗan. Luka likita ne. Bulus ya ba Timoti shawarar abin da zai sha saboda cikinsa. Ku kira dattawa su yi addu'a kamar yadda Yakubu 5:14 ta ce, ku kuma kai yaron asibiti a ranar, ba sai jiki ya yi tsanani ba.

Yaya zaman ibada yake a ranar Litinin, ba Lahadi kaɗai ba?

Da sojoji da masu karɓar haraji suka tambayi Yahaya abin da za su yi, bai ce su bar aikinsu ba. Ya ce kada a karɓi fiye da ƙa'ida, kada a yi ƙwace, kada a yi ƙage, a gamsu da albashi (Luka 3). Tsarki yana da adireshi, yana nan a wurin sana'arka. Ga mai sayar da hatsi, mudu ɗaya ne na saye da na sayarwa, ba wanda aka bubbuga gindinsa ba, domin Karin Magana 11:1 ta ce ma'aunin zamba abin ƙyama ne ga Ubangiji. Ga tela, kada ya ce "gobe" alhali ya san ko yanka bai yi ba. Ga malamin makaranta, ya shiga aji ko shugaba ba ya nan. Ga maigida, yadda yake magana da matarsa bayan an rufe ƙofa, ba yadda yake jan waƙa a gaban taro ba. Ga mai waya a hannu, ya daina tura labarin da bai tabbatar ba, domin gulma ba ta canza suna don ta bi ta WhatsApp.

Akwai wata tsohuwa a kasuwarmu mai sayar da daddawa, ba ta iya karatu ba. Fulani da Hausawa sukan bar mata ajiyar kuɗi in za su shiga cikin kasuwa, ba a taɓa ƙirgawa an ga ya ragu ba. Ban taɓa jin ta yi wa'azi ba.

Dole ne in gafarta wa wanda ya ƙone gidanmu?

Ba na amsa wannan da sauri, domin masu yin ta ba labari suka ji ba. Koyarwar a fili take: Matiyu 18 da Romawa 12:19 sun ce mu gafarta, mu bar ramako ga Allah. Amma gafara ba ita ce cewa ba a yi laifi ba, ba kuma hana shari'a aikinta ba ce. Bulus ya tsaya a kan haƙƙinsa na ɗan ƙasar Roma a gaban hukuma. Kana iya ba da shaida a kotu kana kuma roƙon Allah ya cire maka ƙiyayya. 'Yan'uwanmu na EYN, ikkilisiyar da ta fara a ƙarƙashin tsamiya a Garkida a 1923, sun ga abin da ya fi ƙarfin baki: yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a 2014 'ya'yansu ne, a shekarar kuma aka kore su daga hedikwatarsu da ke Kwarhi. Duk da haka ba su sauke koyarwarsu ta ƙin ramuwa ba. Gafara irin wannan ba ta zuwa rana ɗaya. Wani lokaci addu'ar farko ita ce, "Ubangiji, ban so in gafarta ba, ka sa in so."

Na sake faɗawa cikin zunubin da na tuba a kai. In daina zuwa sujada har sai na gyaru?

Marar lafiya ba ya jira ya warke kafin ya je asibiti. Ka furta, 1 Yohanna 1:9 tana nan. Ka gaya wa mutum ɗaya amintacce don ya riƙa tambayarka. Ka kuma canza hanya: in mashaya tana kan hanyarka ta dawowa, ka zagaya. Bitrus ya yi musu sau uku, aka tambaye shi sau uku ko yana ƙaunar Ubangiji, aka mayar masa da aikinsa.

Ina so in fara karanta Littafi Mai Tsarki. Daga ina zan fara?

Daga Markus. Sura 16 ce, in kana karanta ɗaya a rana ka gama cikin mako biyu da kwana biyu. Sai Yohanna, sai Ayyukan Manzanni, kana haɗawa da Zabura ɗaya kowace safiya. Kada ka fara da Littafin Firistoci ko Wahayi, za ka gaji a hanya. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito tun 1932, an kuma sake fassara shi da Hausa mai sauƙi daga baya, saboda haka ka nemi wanda kake ganewa. In ido ya yi rauni ko ba a yi makaranta ba, akwai na sauraro a waya, ko a sa jika ya karanta bayan tuwon dare. Ka riƙe biro kusa, duk abin da ya ɗaure maka kai ka rubuta, ka zo da shi ranar Asabar.